Lauyan da Ya Jira Ruwan Fari a Kusheyin Tungar Nagoggo

"Wallahi, Barista, katafila ba za ta taka wurin nan ba sai mun zauna da kai, ko da wanda ka wakilta, an rubuta matsaya an sa hannu. Ka kwantar da hankalinka, ka ji da jikinka."

Injiniya Muzzammil na kamfanin hanya, maganarka ce wannan, ban ƙara ba, ban rage ba. Ka faɗe ta ranar Lahadi, 2 ga Fabrairu, 2025, a ɗakin asibitin da Barista Ubaidullahi Atiku yake kwance a Birnin Kebbi. Ka zo dubiya da ledar lemo da kankana. Mai garin Tungar Nagoggo yana wurin, matar Barista, Hajiya Ruƙayyatu, tana wurin, ni ma ina zaune a kan tabarma kusa da ƙofa. Na fara da kai ne don kada gobe ka ce ba ka san da kai ake ba. Yanzu ka dakata, zan dawo kanka. Ina da mamaci.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran Barista Ubaidullahi Atiku Kalgo ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, daidai da 13 ga Sha'aban, 1446, da hantsi, bayan jinyar ciwon ƙoda ta mako biyar. Shekarunsa arba'in da tara. An yi masa sutura a Kalgo bayan la'asar ta ranar. Ya bar mahaifiyarsa, da matarsa, da 'ya'ya biyu, Fatiha da Usama. Ya kuma bar ƙauyuka da dama tsakanin Gwandu da Kalgo waɗanda ba su da wani lauya sai shi.

Ubaidu, taubashina, ɗan goggona. Mako guda ke nan ina son in zauna in rubuta maka abin da ya dace da kai, in yi shi cikin natsuwa kamar yadda ake yi wa mutanen kirki. Na kasa. In na zauna sai in tashi. In na ɗauki biro sai in tsinci kaina ina buga waya Tungar Nagoggo ina tambaya ko an sake tayar da injin. Ka yafe mini in takardar nan ta fito da hayaƙi. Ka san ni tun muna yara. Kai ne ka sa mini suna "Malama Wuta", kuma ba ka fasa kirana da shi ba har a gaban ɗalibaina.

Ga waɗanda ba su san shi ba: aikin Ubaidullahi shi ne ba da shawarar shari'a kan filaye da wuraren gado idan babban aiki ya zo gari. Hanya ce, madatsar ruwa ce, injin casar shinkafa ne, duk abin da zai ci ƙasar mutane. Kamfanoni sukan ɗauke shi ya gaya musu abin da doka ta ce, ƙauyuka sukan zo masa ya gaya musu abin da doka ba za ta yi musu ba in sun yi shiru. Bai taɓa riƙe wa ɓangare biyu aiki ɗaya ba, amma abin da yake gaya wa kowa iri ɗaya ne. Ba maƙiyin ci-gaba ba ne. Na sha jin yana cewa ya ga mace mai naƙuda a kan amalanke cikin taɓo, don haka kada kowa ya kawo masa zancen ƙin hanya.

Yadda yake bayani ne ya sa tsofaffi suke son sa. Zai cire hula, ya zauna a ƙasa, ya ce: "Doka ta ce ƙasa amana ce a hannun gwamna. In an karɓi gonarka don amfanin jama'a, za a biya ka abin da ke kanta: dawarka, mangwaronka, gininka. Amma doka ba ta san kakanka yana kwance a nan ba sai ka nuna mata shi. Ba ta da hanci, ba ta sansano. Ido gare ta, shi ma ba ya gani sosai." Sai a yi dariya, amma a tashi an gane. Ya hana mutanen wani ƙauye kusa da Kambaza dangwala yatsa a takardar da aka ce ta halartar taro ce, ya sa aka karanta musu ita da Hausa, sai ga shi a shafi na biyu an rubuta sun amince da rufe burtalin shanu. A yankin Kalgo ya zauna kwana huɗu da masunta har aka karkatar da magudanar wani aiki daga tafkin da suke su tun kakanni. A can aka ba shi busasshen kifi cike da kwando, ya kawo mini rabi, ya ce ladan lauya ne, in ci in san darajarsa.

Tungar Nagoggo, kusa da Maruda, ita ce garin da aka haife ni. A gabas da garin akwai tsohuwar maƙabarta da aka daina binnewa a cikinta tun kusan shekara arba'in, da wuri ya cika. Mahaifiyata, Inna Kubura, tana cikin na ƙarshe da aka kai can. Ina da shekara tara a lokacin. Kakanmu ni da Ubaidu, shi ma yana can.

A farkon bara aka fara aikin hanyar da za ta bi ta kusa da garin zuwa fadama. Kowa ya yi murna. Sai labari ya zo cewa kamfanin da ke aikin yana neman inda zai haƙi burji na cikon hanya, kuma masu awo za su zo duba tudun gabas. Tudun gabas shi ne maƙabartar.

A nan ne zan faɗi abin da ya fi yi mini nauyi. Ubaidu ya rufa mini asiri a kansa har ya mutu, amma ni ba zan rufa wa kaina ba.

Mai gari ya kira ni a waya, don ni ce 'yar garin da ta yi boko mai zurfi, shekara ashirin da shida ina koyar da tarihi. Ya ce baƙi na tafe, me za a yi su gane wurin kusheyi ne? Na ce a yi gayya a share. A sare sabara da geza, a kwashe tarkace, wuri ya fito fes, kowa ya gani ya san ana kula da shi. Har na aika da gero aka dama wa masu aiki kunu.

Ban taɓa shiga maƙabarta ba. Wace mace ce a cikinmu ta shiga? Ana ɗaukar gawa, mu iyakarmu zaure. Maƙabartar da na sani ita ce ta hotunan littattafai, mai layi-layi da duwatsu masu rubutu. Ban san cewa a wurinmu, inda ba a gina kabari, ba a rubuta suna, abin da kawai ke nuna mutum yana kwance shi ne tsingaron tukunya ko guntun tulu da ake kafawa a wajen kai da wajen ƙafa. Abin da na kira tarkace ke nan. Majiya ƙarfin gari suka yi aiki tsakani da Allah. Suka tsince tsingaro kaf, suka tara shi tsibi guda a gindin aduwa, suka share wuri har da tsintsiya.

Masu awo suka zo, suka ga fili shararre da tulin fasassun tukwane a gefe. Suka rubuta a rahotonsu: fili ne da ba a nomawa, babu gini, babu alamar wurin tarihi, akwai tsohon juji.

Juji. Uwata.

Rahoton da Turanci yake, mai kauri, an ajiye shi a wani ofis don jama'a su karanta su kawo ƙorafi cikin kwanakin da doka ta yanka. Ba wanda ya karanta a Tungar Nagoggo, don ba wanda ya san yana nan. Ubaidu ne ya gan shi, wajen bin wani aikin daban, saura kwana huɗu wa'adi ya cika. Ya shigar da ƙorafi a ranar, washegari ya zo garin. Ina can. Ya tafi tudun da maza, ya dawo fuskarsa ta canza, ya zauna a ƙofar mai gari.

"Ranka ya daɗe, wa yab ba ku shawarar share wurin ga?"

Mai gari ya duƙar da kai. "Barista, mu dai munka ga baƙi na tahe, bai kamata su iske iyayenmu cikin ciyawa ba."

"Na ji. Amma wa yac ce a tsince tsingaro?"

Daga cikin zaure na ɗaga murya na ce ni ce.

Ubaidu ya juyo wajen zaure. Ina jira ya yanka ni, don da ni ce a matsayinsa da na yi. Sai ya ce, "To. Malama Wuta ta koyar da tarihi shekara ashirin da shida, ta share na garinsu a yini ɗaya. Allah ya ba da lada, baiwata. Kunun dai ya yi daɗi?" Maza suka fashe da dariya, ni kuwa ina cikin zaure ina kuka. Bai sake tayar da maganar ba. A duk takardun da ya rubuta, cewa ya yi al'umma sun share wurin don girmamawa.

Kamfani ya ce a kawo hujja. Maganar tsofaffi, in ji su, magana ce kawai; kowane gari in an zo ɗibar burji sai ya tuna yana da kakanni a wurin. Wasu suka ce a mayar da tsingaron a kakkafa. Ubaidu ya hana. Ya ce wannan ƙirƙirar shaida ce, kuma ranar da aka gano, an gama da mu. Wasu suka ce a tona kabari ɗaya a nuna musu. Ya ce ba zai tona Musulmi don ya gamsar da mai katafila ba.

Sai ya tafi wurin Malam Abdulgani, tsohon da ya yi shekara hamsin yana haƙa kabari a garin, yanzu idonsa ya yi rauni. Ya yini da shi. Tsohon ne ya gaya masa cewa kabari ba ya ɓata. Itacen da aka jera a ciki yakan ruɓe, ƙasa ta zauna, wurin ya ɗan lotsa. Da rani ido ba ya gani. Amma in ruwan fari ya sauka a kan busasshiyar ƙasa, kafin ta sha, kowane kabari yakan riƙe ruwansa na ɗan lokaci.

Ubaidu ya rubuta wa kamfani ya nemi a jira damina. Suka yarda, ina jin don sun ɗauka wasa ne. Daga tsakiyar Mayu ya bar shari'o'insa a hannun abokiyar aikinsa, Barista Surayya, ya riƙa kwana biyu a Kalgo, uku a Tungar Nagoggo, yana kallon gabas kamar manomin da ya ci bashin iri. Hadari ya haɗu sau uku ya watse. Na ce masa lauyoyin kirki suna kotu, shi yana nan yana gadin gajimare. Ya ce shaidarsa ce ba ta iso ba, kuma ba a yi mata sammaci.

Ranar 9 ga Yuni da rana ruwa ya sauka. Yana tsayawa Ubaidu ya fita da mai awo mai lasisi da ya ajiye a garin, da wakilin kamfani da ya sa aka kira tun hadari na haɗuwa, da liman, da Malam Abdulgani ana riƙe da hannunsa. Ya hau kan aduwa da babbar riga, mutum mai ciwon ƙoda, ya ɗauki hoto. Na ga hoton daga baya. Tudun nan da aka ce juji ne, ga shi cike da 'yan kududdufai dogaye, jere, kowanne tsawon mutum, wasu gajeru na yara, dukkansu sun miƙe kudu da arewa yadda ake kwantar da mamaci ya fuskanci alƙibla. Ɗari da hamsin da uku. Mai awo ya sa wa kowanne lamba a taswira. Wakilin kamfani ya sa hannu.

Da yamma Ubaidu ya turo mini hoto ɗaya a waya. Ruwa ne a ɗan rami, sararin sama ya fito a cikinsa. Ya rubuta a ƙasa: "Malam Abdulgani ya ce na uku daga aduwa ta yamma, shi ya haƙa da hannunsa. Ga Inna Kubura." Shekara arba'in da biyu ban san inda uwata take ba. Ubaidu, ko wannan kaɗai ka yi mini a duniya, ban da bakin gode maka.

Bai tsaya nan ba. Ya nemo wa kamfani wani tudun burji, tafiyar kilomita biyu da ɗoriya, wanda mai shi ya yarda a haƙa. Ya rubuta musu shawara shafi shida: ga abin da doka ta ce kan keta maƙabarta, ga abin da zai same ku in kun yi, ga mafita. Suka ce nisan zai ci musu mai. Aka yi ta jan magana har damina ta wuce, har ciwo ya kwantar da shi.

A nan nake da faɗa da kai, Ubaidu, kuma mutuwa ba ta kashe faɗan ba. Tun Oktoba na ce ka je kotu ka karɓo umarnin hana su taɓa wurin. Takardun suna shirye, ni na gan su. Ka ce kotu takan bar gaba, kuma mutanen Tungar Nagoggo za su zauna da hanyar nan da masu gyaranta har abada. Gara a gama da fahimta. Ranar da Injiniya ya zo dubiya ya yi rantsuwar nan, yana fita na ce ka sa ya rubuta.

Ka ce, "Malama Wuta, mutum ya zo gaishe ni ina kwance, ya ce wallahi gaban mai gari. In miƙa mai biro?"

Na ce, "Miƙa masa biyu, ko ɗaya zai ƙi rubutu."

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Kai da ka yi shekara ashirin kana gaya wa talakawa kada su yarda da abin da ba a rubuta ba, kunyar baƙo ta hana ka bin shawararka. Halinka ne mai kyau, na sani. Shi ne kuma ƙofar da aka shigo ta ciki.

Ranar Juma'a, 14 ga Fabrairu, ranar addu'ar uku, duk namijin da ke iya hawa mota a Tungar Nagoggo ya tafi Kalgo. Mai gari, liman, har Malam Abdulgani. Ba wanda zai zauna gida ranar ukun mutumin da ya yi musu wannan. Duk wanda ya san mu ya san haka za a yi. Injiniya Muzzammil ya san mu. Shekararsa guda a cikinmu, ya ci tuwonmu. A safiyar nan, garin ba kowa sai mata da tsofaffin da ba sa tashi, katafila ta hau tudun gabas.

Wata dattijuwa, Goggo Khairiyya, wadda gidanta ne na ƙarshe ta wajen, ita ta ji ƙara ta fito. Ta tsaya daga bakin gona tana ihu, ba ta iya shiga. Abin da ya tsayar da aikin ba ihunta ba ne. Direban ne da kansa, da bakin injin ya banƙaro ruɓaɓɓen itace jere, ya ga abin da ke ƙarƙashi, ya kashe injin, ya sauko yana salati, ya ce ko za a kore shi ba zai ƙara taku ɗaya ba. Ban san sunansa ba. Allah ya san shi, Allah ya saka masa. Kafin nan an riga an kankare kabari goma sha ɗaya, huɗu sun buɗe. Maza suka baro zaman makoki suka dawo, suka sake suturta waɗanda aka tona kafin magariba.

Kamfani ya aiko cewa kuskure ne na jadawalin aiki. Amma yau kwana biyar katafilar tana nan a kan tudun, ba a janye ta ba, kuma an ce ana neman wani direban. Na tambayi mai awo, ya duba taswira: taku goma sha biyu ne tsakanin bakinta da lamba ta tamanin da bakwai, kabarin Inna. In ta sake motsawa, ba uwata kaɗai ba, har lotsawar ƙasar da ta zama mana hujja za ta tafi, kuma ba wani ruwan fari da zai sake nuna ta.

Ya Allah, ga bawanka Ubaidullahi ya zo maka. Ya tsare wa matattu makwancinsu, ka yalwata masa nasa, ka haskaka shi, ka sanya shi dausayi daga dausayoyin Aljanna. Ka yafe masa kurakuransa, ka karɓi wahalarsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Goggo, ke da kika haife shi kika kuma ga tafiyarsa, Allah ya ba ki haƙurin da ya fi ƙarfin mutum. Ruƙayyatu, kin yi jinya ba ki taɓa ɗaga murya ba, Allah ya dafa miki. Fatiha da Usama, ubanku bai bar muku gidan sama ba, amma akwai garuruwan da za ku shiga ku faɗi sunansa a shimfiɗa muku tabarma. Allah ya raya ku a kan halinsa. Ina miƙa ta'aziyya ga jama'ar Kalgo da Gwandu, da abokan aikinsa, da mutanen Tungar Nagoggo waɗanda aka haɗa musu makoki biyu a mako ɗaya. Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Injiniya Muzzammil, na dawo.

Kana da daga yau zuwa azahar ta ranar Alhamis, 27 ga Fabrairu. Ka sauke katafilarka daga tudun, ta hanyar da ta hau, kada ta juya a kan kowa. Ka kewaye wurin da shinge bisa taswirar da wakilinka ya sa wa hannu. Ka kawo takarda da Hausa, a karanta a ƙofar mai gari, cewa kamfaninku ya bar tudun gabas har abada. Ka zo da kanka, kada ka aiko.

In azahar ta wuce ba a yi ba, Juma'a da safe Barista Surayya za ta shigar da takardun da marigayi ya ƙi shigarwa don yana ganin girmanka, tare da ƙarar keta kaburbura goma sha ɗaya, da sunanka a kai. Ni ce shaida ta farko, kuma zan faɗa wa alƙali har da laifina na shara, don kada lauyanku ya sha wahalar tono shi.

A safiyar kuma, mu mata arba'in da uku mun riga mun rubuta sunayenmu. Na tambayi liman, ya ce ba abin da ya hana mace zama a kan hanya. Za mu shimfiɗa tabarmi a kan turbar da tifofinku ke bi zuwa wurin aiki, daga bakin gonar Goggo Khairiyya har kwalbati. Kada ka yi lissafin cewa za mu gaji mu koma gida ɗora tukunya. Azumi na bakin ƙofa, ba girkin rana da zai tashe mu.

Amatullahi Siddiƙu
Gwandu, 19 ga Fabrairu, 2025